Idan Malejin Tsohuwar A-kori-kura Ya Mutu: Yadda Za Ka Gano Inda Ciwon Yake

Ka leƙa tsofaffin Hilux da Land Cruiser ɗin da ke jigilar buhuna zuwa kasuwannin ƙauye, ko masu keta rairayi tsakanin Damagaram da Agadas, za ka tarar da yawansu allurar malejinsu a kwance take kan sifiri, mota kuwa tana ta sheƙa gudu. Direba zai ce maka shi da kunne yake jin gudun motarsa. Ban yarda da wannan magana ba. Bayan tafiyar awa biyu a kan kwalta mai kyau, kunne da ido duk sun saba, gudun 110 sai ya koma maka kamar 80, ga kaya an lafta har sama da kan direba, ga birkin da ya kwana biyu. Kuma maleji ba gudu kaɗai yake faɗa ba. Lambobin da ke juyawa a tsakiyarsa su ke gaya maka lokacin juye baƙin mai, su ke gaya maka ko man da ke tanki zai kai ka gidan mai na gaba.

Gyaran nan ba shi da tsada. Abin da ke sa shi tsada shi ne saye kafin bincike: a sayo kebur a ɗaura, shiru, a sayo kan maleji na Beljiyam, shiru, ashe wani ɗan haƙorin roba ne can ƙarƙashin mota ya cinye. Saboda haka kada ka doshi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka sai ka san abin da za ka je nema.

Ka fara sanin hanyar da juyin ke bi

A motar da ke jan ƙafa huɗu, ba daga giyabos ake ɗauko gudu ba, daga taransifa ne, wato ƙaramin akwatin giyar da ke manne a bayan giyabos yana raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. A kan sandar da ke fita daga cikinsa zuwa farfelar baya akwai wata giya mai murɗaɗɗen haƙori. Ita ke juya wata 'yar ƙaramar giya, galibi ta roba, ita kuma ta juya kebur. Kebur ɗin abu biyu ne: kube na waje wanda ba ya motsi, da wata lanƙwasasshiyar waya a ciki mai baki mai kusurwa huɗu a kowane ƙarshe. Wayar ce ke juyawa tun daga ƙarƙashin mota har bayan dashbod. Can a cikin kan maleji tana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyon. Ba sa taɓa juna. Juyin maganaɗisun ne ke jan kofin, wani siririn sifirin yana riƙe shi, allura kuma a jikin kofin take. Daga wannan sandar dai wasu ƙananan giyoyi suke ɗaukar juyi su kai wa lambobin kilomita.

Haka aka ƙera yawancin Hilux na 1988 zuwa 1997 da waɗanda suka gabace su, da tsofaffin Land Cruiser jerin 70 da aka fara fitarwa a 1984. Waɗanda suka biyo baya da yawa an cire musu kebur an sa sensa da wayoyin lantarki. Za mu zo kansu. Ko wace iri ce taka, aikin ɗaya ne: juyi ya taso daga ƙasa, wani wuri a hanya ya tsaya, kai kuma wurin kake nema.

Mataki na 1: Tuƙa motar ka lura

Wannan mataki ba ya bukatar ko sifana, amma shi ke yanke rabin aikin. Ka rubuta lambar da ke kan maleji, ka yi tafiyar kilomita biyu ko uku, ka sake dubawa.

Idan allura ba ta motsa ba, lambobi ma ba su motsa ba, juyi bai iso kan maleji ba ke nan. Ka zargi kebur ko giyar ƙasa. Idan lambobi na tafiya allura ce kawai a kwance, kebur da giya lafiyarsu ƙalau, kada wanda ya sa ka saye su. Ciwon yana cikin kan malejin. Idan allura na aiki lambobi suka tsaya, ƙananan giyoyin cikin kan ne suka cinye.

Akwai kuma malejin da bai mutu ba, jinya yake yi. Allurar da ke rawa, ta yi sama ta yi ƙasa musamman a ƙaramin gudu, alamar kebur ne da ya bushe ko ya tanƙware: wayar takan maƙale, ta murɗe, sannan ta kuɓuce gaba ɗaya. Ƙara mai kama da ƙas-ƙas da ke ƙaruwa da gudu, ita ma kebur ce. Kuka siriri daga bayan dashbod, wanda ya fi tsananta da sanyin asuba a lokacin hunturu, bushin ɗin cikin kan maleji ne ya bushe. Allurar da ke tashi da nauyi, ta kuma daɗe ba ta sauko ba bayan ka taka birki, sau da yawa mai ne ya hauro ta cikin kebur ya shiga inda bai kamata ba.

Ka tuna kuma abin da aka yi wa motar kwanan nan. An sauke giyabos don canza kuloci? An ciro dashbod don gyaran wuta ko rediyo? Sau da yawa ba abin da ya lalace, yaron gareji ne ya manta bai mayar da kebur ba, ko ya mayar bai zauna ba.

Mataki na 2: Tsare motar kafin ka shiga ƙarƙashinta

Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu. Ka sa weji gaba da bayan tayoyin gaba. Ka bar salansa ta huce, domin kebur ɗin kusa da ita yake bi.

Ƙaramin liban giya, wato na taransifa, ya kasance a 2H, makullan cibiyar tayoyin gaba kuma a buɗe, inda aka rubuta FREE. Wannan ba abin wasa ba ne. Idan ka ɗaga baya alhali motar na cikin 4H da makullai a kulle, ka tayar da inji ka sa giya, ƙafafun gaba za su ja ta ta sauko daga kan abin da ka ɗora ta. Kada kuma ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka tokare da bulon siminti. Ka nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota ko katako mai kauri. Alhamdu lillahi, irin waɗannan motoci suna da tsayi, yawancin aikin za ka yi shi tayoyi na ƙasa.

Kayan aiki: sifana 10 da 12, filaya, sukudireba, tocila, tsumma, ɗan kananzir, giris mara kauri, da mutum ɗaya da zai zauna a kujerar direba. In akwai diril mai batir, ya ƙara sauƙi.

Mataki na 3: Kwance kebur daga ƙasa

Ka bi farfelar baya zuwa inda ta shiga taransifa. Daf da wurin, a gefe, za ka ga kebur baƙi mai kaurin yatsa ya shiga, an ɗaure shi da wani zobe mai zare. In ka ga soket da wayoyi a maimakon kebur, tsallaka zuwa mataki na 7.

Ka goge laka da ƙura tukuna, sannan ka kwance zoben. Da hannu yake kwantuwa, in ya ƙi ka taimaka da filaya a hankali. Ka ja kuben baya, bakin wayar zai bayyana.

Yanzu ka duba bakin nan da kyau a hasken tocila. Kusurwoyinsa huɗu ya kamata su fito sarai. Idan sun goge ya zama mulmulalle, to yana zamewa ne a cikin giya ba ta kama shi. Sai ka kama shi da yatsu biyu ka ɗan ja. Idan guntuwar waya ta biyo hannunka, tsawon taƙi ɗaya ko biyu da yagaggen baki, ka ga ciwon da idonka: kebur ya tsinke. Idan bai biyo ba, ka murza shi da sauri kamar mai kaɗa mazari, wanda ke cikin mota ya zuba wa allura ido. In kebur da kan maleji suna da lafiya, allura za ta ɗan zabura ta koma. Ba ta motsa ba, ka murza ta ɗaya ɓangaren, domin ta fuska ɗaya kawai take amsawa.

Da diril gwajin ya fi fitowa. Ka damƙe bakin wayar a bakin diril, ka fara a hankali. A yawancin motoci sai an sa shi juyin baya allura ke tashi. Malejin motocin Japan an daidaita su ne a kan juyi 637 a kowace kilomita, wasu ma an rubuta lambar a ƙasan fuskarsu da ƙananan haruffa. Ma'ana, in kebur na juyi 637 a minti ɗaya, allura za ta tsaya a kan 60. Ba sai ka auna wannan daidai ba. Abin da kake so ka gani shi ne allura ta tashi sumul, ta tsaya cak ba rawa, lambobi kuma su fara tafiya.

Sakamakon nan ya raba maka mota biyu. Allura ta tashi, ciwon yana ƙasa, a giya: mataki na 4. Ba ta tashi ba, yana sama, a kebur ko a cikin kan maleji: mataki na 5.

Mataki na 4: Giyar taransifa

Kafin ka ciro komai, ka tabbatar ko tana juyawa. Ka sa babban giya a furi, ƙaramin liba ya zauna a 2H, ka sake duba weji, ka sauke birkin hannu, ka ɗaga tayar baya ɗaya tak. Ɗaya na ce, domin in ka ɗaga biyun ka juya guda, galibi ɗayar za ta juya baya ne kawai, farfela ba za ta motsa ba, sai ka yanke wa giya hukuncin da ba nata ba. In tayar ta ƙi juyuwa da hannu, bak-aksul ɗin irin mai riƙe ƙafa biyu ne, sai ka ɗaga duka. Abokin aikinka ya juya taya, kai kana kallon ramin da bakin kebur ke shiga. Ya kamata ka ga yana juyawa. Ka ɗan tokare shi da ƙaramin sukudireba: giyar da haƙoranta suka cinye takan juya in ba nauyi a kanta, da ta ji an riƙe sai ta tsaya.

Noti ɗaya ne da ɗan faranti ke riƙe da gidan giyar. Ka kwance, ka zaro gidan a hankali kana ɗan murzawa, ka tara tsumma domin ɗan mai zai iya biyowa. Haƙoran robar sukan cinye a tsakiya, su yi kwari, ko su kakkarye. Ka ƙirga su kafin ka tafi kasuwa, ka kuma tafi da tsohuwar a hannu. Giyoyi biyu za su iya kama da juna a ido, su shiga rami ɗaya, amma bambancin haƙori ɗaya ko biyu ya sa maleji ya dinga yi maka ƙarya har abada.

Ka haska cikin ramin ka dubi babbar giyar da ke kan sanda, a juya farfela ka ga ko tana tafiya tare da ita. A wasu motoci, tsofaffin Land Rover misali, babban notin da ke ɗaure bakin farfela shi ne ke matse wannan giya. In ya yi sako-sako sai ta dinga zamewa, allura ta yi ta yawo. Idan babbar giyar ce ta lalace, aikin ya wuce na ƙofar gida, sai an buɗe bayan taransifa a gareji.

Abu biyu kafin ka rufe. Akwai zoben roba a jikin gidan giyar da ɗan sil a cikinsa. In ka tarar da kebur jiƙe sharkaf da man giya, sil ɗin ya mutu, ka canza shi. Idan kuma haƙora sun kakkarye, gutsattsarinsu na cikin mai, ka juye man taransifa ka zuba sabo.

Mataki na 5: Kebur daga sama

Ka cire kan batir na nagatif. Ka kwance murfin da ya kewaye agogunan dashbod, robar ta tsufa ta sha rana, da ka matsa mata za ta tsage, saboda haka ka nemi kowane sukuru kafin ka ja. Da yake ka riga ka kwance kebur a ƙasa, zai ba ka sarari ka jawo agogunan gaba ka zura hannu ta baya. A Toyota galibi ɗan maƙalin roba ne za ka danna kebur ya fita.

Wani ya murza daga ƙasa, kai ka riƙe bakin sama. Bai juya ba, ya tsinke a tsakiya. Ya juya, ka ɗan matse shi da yatsa a sake murzawa, don wayar da ta tsinke wani lokaci yagaggun bakunanta sukan sarƙe su juya tare in ba nauyi.

In wayar irin mai zaruwa ce, ka zaro ta, ka wanke da kananzir, ka shimfiɗa ta a kan tebur ka mirgina da tafin hannu. Lafiyayya za ta mirgina lami lafiya. Wadda ta tanƙware za ta dinga tsalle a wuri ɗaya, ita kam ba ta miƙuwa, sai sabuwa. Haka in ka ga silin ƙarfe ya tashi a jikinta. Ka bi kuben ma tun daga sama har ƙasa da hannu: inda ya taɓa salansa ya narke, inda dutse ko kututture ya matse shi, inda aka lanƙwasa shi da tsanani aka ɗaure da waya bayan wani gyara. Sabuwar waya a cikin matsattsen kube ba za ta yi kwana nawa ba.

Wajen mayarwa, ka shafa giris kaɗan-kaɗan daga ƙasa zuwa kashi biyu cikin uku na tsawonta, ka bar na saman a bushe. Murɗin wayar yana tura maiƙo sama, in ka cika shi, cikin kan maleji zai ƙare. Ka bi da kebur ta hanyarsa ta asali, lanƙwasa mai faɗi, nesa da zafi.

Mataki na 6: Gwada kan maleji kafin ka ɗaura sabon abu

Nan ne ake yawan asara, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Kebur ba ya cika tsinkewa haka kawai, giyar roba ma ba ta cika cinyewa ba dalili. Sau da yawa kan malejin ne ya ƙage: giris ɗin da aka sa masa tun daga masana'anta shekara talatin da suka wuce ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare. Giya na turawa daga ƙasa, kai ya ƙi juyawa, sai wanda ya fi rauni a tsakani ya karye. Ka ɗaura sabon kebur a kan wannan kai, kafin ka kai bakin gari ya sake tsinkewa, ka ce mai kaya ya sayar maka da jabu.

Saboda haka ko ka riga ka ga tsinkakken kebur, ka yi wannan gwaji. Ka yanki guntun tsohuwar wayar mai bakin kusurwa huɗu, ka zura a ramin bayan kan maleji, ka murza da yatsa. Ya kamata ya juya sakayau, ba ƙara, ba tirjiya, allura ta zabura. In ka ji nauyi ko gurzawa, ka ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki a wuyan sandar, kan yana fuskantar yadda man ba zai gangara ciki ba, ka yi ta murzawa har ya saki. Bai saki ba, ko kuma sandar na girgiɗi gefe da gefe, bushin ya cinye.

Kada ka wanke cikinsa da fetur, kada ka hura masa iskar kwamfureso, kada ka ja allura da yatsa. Sifirin ɗin nan da ya fi gashi kauri kaɗan shi ne ma'aunin gaba ɗaya, da ya lanƙwashe shi ke nan. Mai gyaran agogo mai haƙuri ya fi bakanike mai gaggawa dacewa da wannan aiki. In kuwa ta kama a canza kan, ka duba ko na kilomita ne ko na mil, don motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Ka rubuta lambar tsohon kai da ranar da aka canza a takardun mota. Ranar da za ka sayar da ita ka faɗa wa mai saye gaskiyar tafiyar da ta yi, haƙƙinsa ne.

Mataki na 7: Idan mai sensa ce

Ka fara da fis, wanda galibi aka rubuta wa GAUGE ko METER. In agogon mai da na zafi su ma sun mutu tare da maleji, da wuya ya wuce fis ko wayar nagatif ta dashbod.

Sai soket ɗin da ke jikin taransifa. Motar da ke ratsa rafi da damina, za ka tarar da bakinsa ya yi kore da tsatsa, ko ƙaya ta fizge waya, ko ɓera ya gaigaye ta. Ka wanke, ka busar, ka gwada. Sensa mai waya uku tana da ta wuta, ta nagatif, da ta saƙo. Ka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, mitar masu wayarin ta nuna maka kusan bolt 12 tsakanin biyun farko. Sannan ka ciro sensar, soket na jikinta, ka juya sandarta a hankali kana auna wayar saƙo: wuta za ta dinga hawa da sauka, a Toyota sau huɗu a kowane juyi. Tana yi amma maleji shiru, ka bi wayar zuwa dashbod, ko a duba allon bayan agogunan, inda dalma kan tsattsage saboda zafi da girgiza. Mai gyaran rediyo zai iya sake narka ta. Kada ka manta, a bayan sensar nan ma giyar robar tana nan, mataki na 4 ya shafe ta. A mota mai fetur da kwamfuta, wutar inji takan kama: tsofaffin Toyota suna ba da lamba 42, na baya-bayan nan P0500.

Mataki na 8: Auna gaskiyarsa a kan hanya

Ka sami miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, wani ya riƙe waya mai nuna gudu ta GPS, kai ka riƙe sitiyari. Ka tsayar da allura a 60, sannan a 80, ya faɗa maka abin da ya gani. In babu waya, a gudun 60 kilomita ɗaya minti ɗaya take ci cif, sai ku auna da turakun kilomita na gefen hanya inda suke tsaye. Maleji ya ɗara gaskiya da kaɗan, wannan ba laifi ba ne, haka ake ƙera su.

Wanda ke nuna ƙasa da gaskiya shi ne abin tsoro, kuma yawanci taya ce sila. Maleji juyin farfela yake ƙirgawa, bai san girman tayar da ka sa ba. Motar da ta zo da taya mai tsayin inci 29 aka mayar da ita 31 don rairayi, kowane juyi ta ƙara cin ƙasa da kusan kashi 7 cikin 100: allura na kan 100, kai kana 107, lambobin kilomita ma suna rage maka lissafi daidai wannan gwargwado. Haka in an canza bak-aksul da wanda lissafin giyarsa ya bambanta. Maganinsa giyar roba mai ƙarancin haƙori, wadda za ta ƙara wa kebur sauri. In ba a samu ba, ka rubuta gudun gaskiya na 50 da 80 da 100 a 'yar takarda ka manna kusa da agogon, ka kuma rage wannan kaso daga kilomitocin da kake jira kafin juye baƙin mai.